Yadda wani ajin nazare a Kano ya san ƙasar Japan da hannu

Ajin da aikin da aka ɗora masa

Makarantar ta kuɗi ce, a cikin birnin Kano, tana da nazare da firamare. Ajin da ake magana a kansa nazare na biyu ne: yara 24, 'yan shekara huɗu zuwa biyar, da malama ɗaya da mataimakiyarta. Ana shiga ƙarfe 8 na safe a tashi 12 da rabi. A ɗakin akwai manyan tabarmin roba biyu da ƙananan tebura shida, kowanne na yara huɗu. Babu famfo a ciki, bokitin wanke hannu a bakin ƙofa yake.

Makarantar ta saba ware rana guda a zango na biyu don bikin al'adu. A da ƙabilun Najeriya ake raba wa ajujuwa, wannan ya ɗauki Fulani, wancan Yarbawa, wancan Barebari. A wannan shekarar sai aka ce kowane aji ya ɗauki wata ƙasa ta waje, aka jefa ƙuri'a, Japan ta faɗo wa nazare na biyu. Malamar ba ta taɓa zuwa can ba, ba ta kuma san ɗan ƙasar ko ɗaya ba. Abin da take da shi waya ce da intanet, da mako uku na shiri.

Zango na biyu: mako uku na hadda, rana guda ta biki

Ta koyar da Japan yadda ake koyar da haruffa. Ta manna taswirar duniya a bango kusa da agogo, tana nunawa da sanda, tana faɗa suna amsawa: babban birnin Japan Tokyo, manyan tsibiranta huɗu, Honshu, Hokkaido, Kyushu, Shikoku. Suka shafa jan launi a da'irar da ke tsakiyar tutar ƙasar, suka haddace ƙirga daga ɗaya zuwa goma da harshen Japananci. Tela ya ɗinka wa 'yan mata shida riguna masu kama da kimono, rigar gargajiyar Japan, maza kuma aka ɗaura musu farin ƙyalle a ka aka koya musu tsayuwar karate.

Ayyukan hannu biyu aka gwada. Na farko naɗin takarda, wanda Japanawa ke kira origami. Malamar ta zaɓi tsuntsun nan mai dogon wuya da aka fi sani, ta yanka takardu murabba'i masu santimita 15, ta tsaya a gaban allo tana naɗawa yara suna kallo. Naɗi na uku bai wuce ba sai da kowa ya ɓace, wasu suka fara kuka, wasu suka cukuikuye takardar suna jifa. Daga ƙarshe ita da mataimakiyarta suka naɗe tsuntsaye 24 da dare, aka rubuta sunayen yara a jiki. Na biyu cin abinci da 'yan sanduna biyu, kamar yadda Japanawa ke yi. Aka sayo tsinken tsire, cikin minti biyar wani yaro ya tsokani ɗan'uwansa a kumatu, aka tattara tsinkayen.

Ranar biki ajin ya hau dandamali na minti bakwai. Sun yi ƙirga, sun faɗi tsibirai, iyaye sun ɗauki hoto sun tafa.

Mako biyu bayan biki

Malamar ta zaunar da yaran huɗu-huɗu ta tambaye su abin da suka sani game da Japan. Kalmar Tokyo tana bakin kowa, amma da ta ce mene ne Tokyo, wasu suka ce sunan mutum ne, wata ta ce abinci ne. Da ta tambayi inda Japan take, wani yaro ya nuna da yatsa ya ce, "Anti, ga ta can a bango, kusa da agogo." Kusan dukkansu sun ɗauka yaran can da kimono suke zuwa makaranta, kuma faɗa suke yi kullum. Mutanen ƙasar kuwa 'yan Chana suke ce musu.

Akwai abin da ya fi wannan damunta. Yara biyar ko shida sun tsiri jan gefen idanunsu da yatsa suna kwaikwayon magana da surutan da ba su da ma'ana, sauran suna dariya. Wata uwa ta kawo labarin cewa ɗanta ya yi wa wani ɗan kasuwa ɗan China haka a Kantin Kwari, kunya ta kama ta. Malamar ta kai wa shugabar makaranta abin da ta gani, ta nemi a ba ta minti 20 ranakun Talata da Alhamis duk tsawon zango na uku don ta sake aikin. Aka amince.

Hutun Afrilu: sabon shiri

Ta cire taswirar daga bango ta ajiye. Ta nemo hotuna 12 na yaran Japan na yanzu a rayuwarsu ta kullum: suna tafiya makaranta da huluna ruwan ɗorawa, suna jera takalma, suna cin abincin rana, suna goge daɓen aji, suna cikin jirgin ƙasa, suna riƙe da lema a ruwan sama. Kimono a hoto ɗaya kawai ya fito, hoton ranar biki, don ta samu ta ce musu kamar kayan Sallah ne. Kowane hoto ta buga shi a takarda A4, ta manna a kwali, ta rubuta abin da za ta faɗa a bayansa.

Wannan salo ma na Japan ne, sunansa kamishibai. A shekarun 1930 masu ba da labari kan zaga unguwanni a keke da ƙaramin akwatin katako, su buga katako biyu yara su taru, su sayar musu da alewa, sannan su riƙa zare hotuna ɗaya bayan ɗaya suna labari. Malamar ta yi nata akwatin da kwalin taliya, ta yanka taga a gaba, ta bar gefe a buɗe don zare hoto. Kowane zama da buga katako biyu yake farawa, sai hoto ɗaya, sai tambaya ɗaya wadda ba ta canzawa: mu a gidanmu yaya muke yin wannan? Bayan nan aiki.

Ta kuma yi wa kanta sharaɗi: duk aikin da za ta ba yara sai ta gwada shi da hannunta na hagu tukuna. Abin da ya gagari hagun babba, zai gagari daman ɗan shekara huɗu.

Ƙarshen Afrilu: takalma

Da takalma aka fara, domin yaran sun riga sun san ba a shiga ɗaki ko masallaci da su. A ajin tsibi ake yi da su a bakin ƙofa, lokacin tashi kuma a yi ta neman wari. Hoton farko ya nuna kantar takalma da ke mashigar makarantun Japan, kowane yaro da raminsa, inda yake ajiye na waje ya ɗauki na ciki. Aka haɗa kwalaye aka yi ramuka 24, kowanne da hoton da mai shi ya zaɓa, tunda ba duka ke iya karanta sunansu ba. Kwalin ya lotsa cikin kwana goma, kafinta ya yi na katako a kan ma'auninsa. Ranar Juma'a kuma aka ware minti goma na ƙarshe kowa ya ɗauki tsumma ya goge teburinsa, kamar yadda ɗalibai ke share ajinsu da kansu a can.

A wannan makon ne malamar ta tari maganar jan ido kai tsaye, sau ɗaya, ba tare da kiran sunan kowa ba. Ta ɗaga hoton yaran da ke jera takalma ta ce Allah ne ya yi idon kowa yadda ya so, wanda aka kwaikwaya kuma ransa na ɓaci kamar yadda nasu zai ɓaci. Ta ƙara da cewa China ƙasa ce daban, Japan ƙasa ce daban, kamar Najeriya da Ghana, harsunan China da Japan ma daban.

Makon 5 ga Mayu: kifin iska

Ranar 5 ga Mayu ce Ranar Yara a Japan, hutu ne na ƙasa tun 1948. Gidaje kan kafa doguwar sanda su rataya kifayen ƙyalle masu buɗaɗɗen baki, iska ta shige su su kumbura suna kaɗawa. Sunansu koinobori. Baƙi na uba ne, ja na uwa, ƙanana masu wasu launuka na 'ya'ya. Kifin koi aka zaɓa saboda an san shi da juriyar haura ruwa, abin da iyaye ke fata ga 'ya'yansu ke nan.

Gwajin Talata bai yi ba. An naɗe takarda A4 kamar bututu an manne da gam, aka rataya, kifayen suka yi ta lilo kamar busasshen ƙwarya, ba su kumbura ba. Takardar ta yi tauri, bakin kuma ya matse. Ranar Alhamis aka canja. Daga kowace gorar ruwa ta roba mai lita ɗaya da rabi aka yanko zobe mai faɗin santimita 2, aka naɗe gefensa da salatif don kada ya yanki hannu. Jikin kifin aka yi shi da ƙyalle marar nauyi na tsohon mayafi, santimita 30 da 50, wasu kuma da siririyar takardar ado. Babba ne ke manna shi a zoben ya haɗe tsawonsa, a bar wutsiya a buɗe don iska ta fita. Zare a wuri uku ake ɗaura shi a jikin zoben, in a wuri ɗaya ne bakin karkacewa yake.

Aikin yara shi ne ɓawon kifi, tun ƙyallen yana shimfiɗe. Aka yanka kuɓewa gida biyu, suna tsoma bakin yankan a fenti suna dangwalawa a jere. Ana cikin yi wani yaro ya tambaya, su da suke da mama biyu a gida fa? Malamar ta ce ya yi ja biyu. Aka kafa gora mai mita uku a tsakar makaranta, iskar da ke tasowa gabanin damina ta cika kifayen. An sake ɗaga su ranar 27 ga Mayu, Ranar Yara ta Najeriya. Ruwan farko ya yayyaga na takarda, na ƙyalle suka kai ƙarshen zango.

Tsakiyar Mayu: ƙorafin iyaye

A mako na uku malamar ta koya musu gaisuwar Japanawa ta sunkuyar da kai da ƙirji, da kuma kalmar itadakimasu da suke faɗa kafin cin abinci suna haɗa tafukan hannu. Yara suka kai gida. Kafin mako ya fita magidanta biyu sun zo wurin shugabar makaranta. Ɗaya ya ce 'yarsa ta yi masa abin da ya yi kama da ruku'u, ɗayan ya ce ɗansa ya haɗa hannu a kan kwanon tuwo ya manta da Bisimilla. Dukkansu sun ce ba karatun suke ƙi ba, wannan ɓangaren ne ba su yarda da shi ba.

Aka zauna aka raba abin gida biyu: akwai abin da yara za su yi da hannunsu, akwai wanda za a nuna musu a hoto kawai a ce haka su suke yi. Sunkuyawa da haɗa hannu suka koma kashi na biyu, ana kwatanta su da yadda yaro ke durƙusawa ya gai da kakansa da yadda ake Bisimilla kafin loma. Kalmomin konnichiwa na gaisuwa da arigato na godiya suka ci gaba. Bikin Tanabata na 7 ga Yuli, wanda ake rubuta buri a takarda a rataya a gora, an cire shi daga jadawali saboda yana rataye da tatsuniyar wasu taurari biyu. Daga lokacin kowace Litinin ana tura wa iyaye layi uku a kan abin da za a yi a makon. Ƙorafi bai sake zuwa ba.

Ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni: an koma wa takarda

Wannan karon takardar ta fi girma, santimita 21, abin da ake samu in an yanke A4 ta zama murabba'i. Aka shafa launi a fuska ɗaya don yaro ya gane gaba da baya, aka ɗiga jan ɗigo a kusurwoyin da za su haɗu. Umarnin kalma uku ne: ɗigo kan ɗigo. Malamar ta daina tsayawa a gaban allo, ta koma zama a gefen yara huɗu, fuskarta na kallon inda suke kallo, domin wanda ke fuskantar yaro damansa hagun yaron ce. Sauran ajin suna wurin mataimakiya suna zane.

Zaman farko naɗi ɗaya kawai aka yi, murabba'i ya koma alwatika, a bi karin da farce sau uku. Zama na biyu fuskar kyanwa, naɗi huɗu: alwatika, kusurwar dama sama, ta hagu sama, a lanƙwaso tsinin kai, a juya a zana ido da gashin baki. Na uku kofi, naɗi biyar, wanda yake tsayawa a zuba masa auduga. Kwali ya yi kauri ga yatsunsu, jarida kuma gumi na yaga ta. Takardar rubutu ta yau da kullum ce ta yi daidai.

Yuni: shinkafa

Hoton makon ya nuna yaro ya buɗe akwatin abincinsa, a ciki akwai curin shinkafa mai kusurwa uku. Shi ne onigiri, abincin tafiya da na makaranta, ana cusa masa ɗan kifi a tsakiya, sau da yawa a naɗe shi da busasshen ganyen teku. Da aka yi tambayar da aka saba, yara suka kawo malmalar tuwo da curin fura da kansu.

Zaman farko ya lalace. Mai dafa abinci ta dafa turararriyar shinkafa doguwa, irin ta dafa-duka, tun da sassafe, kafin ƙarfe 10 ta huce. Duk yadda yaro ya matsa, da ya buɗe hannu sai ta warware. Tebur da daɓe suka cika da shinkafa, babu curi ko ɗaya. Dalilin a irin shinkafar yake. Ta Japan gajera ce mai danƙo. Turarawa kuwa tana dafa sitacin tun ƙwayar tana cikin ɓawonta ya daskare, shi ya sa turararriya ke fita warawara, abin da ake so a dafa-duka, abin da ba a so a nan. Hucewa ma na rage danƙo.

Ranar Alhamis aka sayo ɗanyar shinkafa, ta tuwo. Gwangwanin madara biyar ya ishi yara 24. Aka wanke sau uku, aka jiƙa minti 30, aka tsane, aka zuba ruwa gwangwani shida. Da ta tafasa aka rage wuta, minti 15 ba a buɗe murfi ba, aka sauke aka bar ta a rufe minti 10. Ba a tuƙa ta, in an tuƙa ta zama tuwo. Aka baza ta a faranti har ta koma ɗumin da babba zai iya riƙewa ba tare da ya yarfe hannu ba. Kowa ya wanke hannu da sabulu. A kowane tebur aka ajiye kwano mai rabin lita na ruwa da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri. Yaro zai jiƙa tafukansa biyu, a zuba masa shinkafa kamar girman babban ƙwan kaza, ya yi rami da babban yatsa, a sa rabin ƙaramin cokali na kifin gwangwani da aka tsane mansa, ya rufe, ya matsa a hankali yana juyawa. Wanda ya manta jiƙa hannu, shinkafar a yatsunsa take ƙarewa. Wanda ya jiƙa da yawa kuma curinsa caɓewa yake.

Kowa ya samu curi. Mai kusurwa uku yara kaɗan suka iya, sauran zagaye suka yi, aka gaya musu a Japan ma ana yin zagaye. Ganyen teku ba a samu ba, aka bar shi. An tambayi iyaye tun ranar Litinin ko akwai wanda kifi ba ya karɓa. Nan take aka ci, abin da ya rage aka zubar, ba a bar kowa ya sa a jaka ba, domin dafaffiyar shinkafar da hannu ya taɓa ba ta jimawa a zafin Kano.

Sanduna sun dawo a makon da ya biyo, amma ba don ci ba. Fensira biyu da ba a fere ba, a naɗe 'yar takarda ta yi kaurin santimita 1 a sa tsakaninsu daga sama, a ɗaure da robar ɗaure kuɗi, sai su zama kamar hantsaki. Yara suna ɗaukar gutsattsarin soso masu santimita 2 daga wannan kwano zuwa wancan. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne jin cewa masu ci da sanduna ma da hannu suke cin onigiri.

Farkon Yuli: shuni

Japanawa suna da rini na ɗauri, shibori: a ɗaure ƙyalle ko a ɗinke shi a tsuke, a tsoma a shuni, inda aka ɗaure ya fito fari. Arimatsu da ke Nagoya ta yi suna da shi tun farkon shekarun 1600, yankin Tokushima kuma da noman ganyen shunin. Ɗan Kano ba baƙon wannan ba ne. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, da baba da toka take aiki, ɗauri kuma mata ke yi a gida su kai wa marina. Ganyen da Japan ke amfani da shi daban ne da baba, amma launin da ke fita ɗaya ne.

Malamar ta so a yi komai a aji, don haka ta fara da bula da ruwan zoɓo. Bula ta fita a wankin farko. Zoɓo ya ba da ja mai kyau, da ya bushe ya koma ruwan toka. Galura irin ta kasuwa ba ta shigo da ita ba, saboda sodar da ake haɗa ta da ita tana ƙona fata. Kai yara 24 karofi ma an duba an fasa, tunda ramukan a buɗe suke, zurfinsu kuma ya fi tsayin mutum. Sai aka roƙi wani dattijo marini ya zo da shuninsa a bokiti mai murfi. Ya ce a ɗauko shi a hankali, girgiza na shigar masa da iska ya rage ƙarfi.

Ranar Talata aka yi ɗauri. Farin yadin auduga, an wanke sitacinsa, an yanka santimita 25 kowane gefe. Yaro zai sa murfin kwalba a ƙarƙashin ƙyallen, ya tattaro, ya naɗa roba, wuri uku ko huɗu. Babba ke ƙara zagaye biyu na ƙarshe. Suna da aka rubuta a jikin yadi shuni zai cinye shi, don haka aka ɗaura wa kowanne murfin roba mai lamba da zare.

Ranar Alhamis yara suka zauna a tabarma, taku uku daga bokitin. Marinin ya jiƙa ƙyallayen da ruwa, ya tsoma su ƙarƙashin shunin yana murzawa kamar minti uku, ya ɗago. Kore suka fito. Wata yarinya ta ce, "Baba, ai ba shuɗi ba ne." Ya ce ta jira. Malamar ta sa su ƙirga da Japananci, ichi, ni, san, shi, go, suna maimaitawa, suna kallo koren yana duhu daga gefe zuwa tsakiya har ya koma shuɗi. Iska ce ke yin wannan, ita ce kuma ke kama launin a jikin zare, shi ya sa ake tsomawa a shanya minti biyar a sake. Sau uku aka yi. Aka ɗauraye har ruwa ya yi fari, sannan kowa ya kwance nasa.

Ba duka suka yi kyau ba. Ƙyallaye shida daga wani yadi aka yanko su da ashe yana da haɗin roba, suka fito fari-fari. Wasu uku ɗaurinsu ya yi sako-sako, shuni ya shige, babu zobe ko ɗaya. Masu waɗannan aka ba su sabon yadi, marinin ya tafi da su ya dawo da su bayan kwana biyu. Aka jera na yara a igiya, a gefe ɗaya hoton shibori, a ɗaya gefen zanen da marinin ya zo da shi.

Makon ƙarshe na zango

Sai yanzu aka dawo da maganar wuri. Aka rufe tagogi, aka manna salatif biyu a jikin ƙwallo, ɗaya Kano ɗaya Tokyo, aka haska tocila ana juyawa. Japan tana gaban Najeriya da awa 8: ƙarfe 10 na safe a Kano, 6 na yamma ne a can, yaran hoton sun tashi daga makaranta tuni. Bayan nan aka mayar da taswira bango.

Malamar ta maimaita tambayar da ta yi a zangon baya, huɗu-huɗu. Yara 22 ne suka zo ranar. Kowannensu ya ambaci wani abu da mutanen Japan ke yi, kuma kusan duk abin da suka ambata hannunsu ya taɓa shi: shinkafa, kifin iska, takalma, shuni. Fiye da rabi sun naɗa kofi ba tare da taimako ba. Babu wanda ya ce da kimono ake zuwa makaranta. Sunayen tsibiran sun tafi gaba ɗaya. Jan ido ba a sake ganinsa a aji ba tun tsakiyar Mayu. Amma yara bakwai har yanzu in aka nuna musu hoton sai su ce 'yan Chana, kuma waɗanda suka iya nuna Japan a taswira ba su kai biyar ba.

Abin da ya raba zangon biyu

Malama ɗaya ce, yara ɗaya, ƙasa ɗaya. Haddar zango na biyu ta faɗi ne saboda ɗan shekara huɗu bai riga ya san me ake nufi da ƙasa ba, balle babban birni ko tsibiri. Yaron da ya ce Japan tana bango gaskiyar abin da aka nuna masa ya faɗa. Kayan ado da karate kuma illa suka yi: sun nuna masa mutane a matsayin abin kallo, abin kallo kuwa kwaikwayonsa yara suke yi. Jan idon daga nan ya samu ƙofa.

A zango na uku kowane aiki daga abin da yaro ya sani a gida ya taso, ya tsallaka zuwa na can. Shinkafa da shuni sun fi zama a kansu saboda kayan aikin na garinsu ne, kuma sakamakon a idonsu ya faru. Kantar takalma da goge tebur sun zauna saboda ana maimaita su a kai a kai. Kusan duk gazawar da aka samu ta kayan aiki ce, takarda mai tauri, turararriyar shinkafa, yadi mai roba, kuma gwaji guda a gida da ainihin kayan da za a ba yara zai kama kowacce. Ƙorafin iyaye yana da tushe, an kuma makara da neman ra'ayinsu. Wasiƙar Litinin a makon farko ya kamata ta fara.

Inda aikin ya rage rauni shi ne rashin mutum. Duk Japan ɗin da yaran suka sani ta hoto ce, ba su ji muryar ɗan ƙasar ba, ba su yi masa tambaya ya amsa ba. Marinin da ya zo da bokitinsa ya nuna bambancin da baƙo mai rai ke yi a aji. Ruɗanin China da Japan ma jumla ɗaya ba za ta warware shi ba, sai yaran sun san ita China ɗin da hannu kamar yadda suka san wannan. A Kano akwai 'yan China da ke zaune suna kasuwanci, gayyato ɗaya daga cikinsu aji na minti 20 bai fi ƙarfin makarantar ba.